Wanda Ya Zare Dutsen Weji

Ƙanwata ce ta same ni a bakin kasuwar dabbobi, ko gaisuwa babu, takalmi ɗaya a ƙafa ɗaya a hannu.

"Yaya, tashi. Za su kashe mini miji."

"Me ya yi kuma?"

"Kai ma ka fara ko? Bai yi komai ba!"

Ni aikina bin sawu ne. Saniya ta ɓata, ko ɓarawo ya haura katanga, ni ake nema. Ban zauna a aji ba, ƙasa nake karantawa. Mota kuwa abin da na sani a kanta shi ne a shiga a sauka. Mijin nata, Bahago, bakanike ne, kuma ni da shi ba ma ga maciji, don bakinsa ba shi da birki. Amma ita ƙanwata ce. Na ɗauki sandata na bi ta.

*

Garejin fili ne mai gangare, rumfuna a jere ta gefe biyu, katanga a can ƙasa. Wata tsohuwar a-kori-kura ta je ta kafa hanci a jikin katangar, fitila ɗaya ta fashe. A tsakiyar gangaren ga kwali a shimfiɗe, ga sifanoni a warwatse, ga jini ya fara baƙi.

Ciyaman na garejin ya tare ni, makulli a hannu.

"Wa ya kira ka?"

"Ƙafata ta kawo ni. Me ya faru?"

Ya faɗa mini a taƙaice, yana kallon gefe. Motar ta Baba Direba ce. Ɗansa bakanike ne a nan, kowa Ɗan Direba yake ce masa. Da hantsi ya shiga ƙarƙashinta zai canza kuloci. Birkin hannunta ya mutu shekara da shekaru, dutse ɗaya ne ake sa wa a gaban tayar baya ya riƙe ta, shi suke kira weji. Wajen azahar wani ya zare dutsen. Mota ta gangara, tayar baya ta bi ta kan ƙafar Ɗan Direba. Yana asibiti, ƙashi ya karye wuri biyu. An tsinci dutsen a bayan rumfar Bahago.

"Ina Bahagon?"

"Na kulle shi a ɗakin kayan aiki. Ba don haka ba da yanzu wanka ake yi masa."

Sai ga wani dattijo ya keto mutane, dogo, wuya duk jijiya, ido jajir. Shi ne Baba Direba.

"Wannan ba yayan matarsa ba ne? Kun kawo suruki ya wanke suruki? A buɗe ƙofar nan a ba ni shi! Ɗana ɗaya tak a duniya!"

Mutane suka ɗauka. Wani ya ce a cinna wa rumfarsa wuta. Wani ya riga ya kawo jarkar fetur.

Na ce wa Ciyaman, "Ni ma ba ƙaunarsa nake ba, kowa ya sani. In shi ne, da hannuna zan miƙa shi. Ka ba ni lokaci."

"Rana tana taɓa kan katangar can zan buɗe ƙofa in kira 'yan sanda. Abin da ya same shi tsakanin ƙofa da motarsu, ba ruwana. Rumfarsa kuma ya bar ta ke nan."

*

Tsakiyar fili ba abin karantawa. Mutum hamsin sun tattake shi kamar garke ya sha ruwa. Na zagaya bayan rumfuna. Nan ne suke zubar da baƙin mai, ƙasa ta yi laushi kamar ƙullu, kuma ba mai bi sai mai fitsari.

Dutsen yana nan inda aka gan shi. Ba dutsen banza ba ne, ya yi sulɓi, gefe ɗaya ya lotsa daidai taya, mai ya rine shi. Ya kai nauyin ɗan akuya.

Ga sawu. Mutum ɗaya ne, takalmi sau-ciki mai faɗi. Da zai zo sawun ya nutse, taku gajere, yana ɗauke da kaya. Ya tsaya a bayan rumfar Bahago, ya daɗe a tsaye, don ƙafafun sun yi ta murza wuri ɗaya. Da zai koma sawun ya yi sama-sama. Abin da ya tsaya mini shi ne ƙafar hagu. Ta dama zanen takalmin yana nan raɗau. Ta hagu kuwa, daidai ƙarƙashin babban yatsa, zanen ya shafe ya yi kwarmi kamar an ɗana cokali.

Na ce a raina, gurgu ne.

*

Gurgu ɗaya ne a garejin, Mai Faci. Na same shi yana tsoma tayar babur a baho.

"Ɗaga ƙafarka in gani."

"In ɗaga ƙafata? Kai wane ne, likita?"

"Hagu nake so."

"Ga ta, ka haɗa da ta uwarka." Ya miƙo. Silifa ne na roba, kuma ɗingishinsa a dama yake. Na ɓata lokaci.

"Ina kake da azahar?"

"Ina inda kake gani na. Je ka tambayi Mai Walda, shi da Ɗan Direba suka yi kwana uku suna zage-zage a kan fili."

Mai Walda ya ɗaga baƙin gilashinsa ya dube ni daga sama har ƙasa.

"Eh, mun yi faɗa. Motar ubansa ta tare mini hanyar shigo da ƙarfe. Sai me? A kan wannan zan karya mutum?"

"Me ka ji lokacin?"

"Ban ji komai ba. Ina yankan bututu tun hantsi, injin nan in yana kuka ko sunanka aka kira ba ka ji. Sai da mota ta daki katanga na ji a ƙafata."

Takalminsa but ne mai ƙarfe a baki. Ba shi ba ne.

Mai abincin garejin ta ƙwala mini kira da kanta, ludayi a hannu.

"Mai Sawu, zo ka ji, kada ka wahalar da kanka. Da kunnena na ji. Da safen nan Bahago ya tsaya a kan yaron nan ya ce, wallahi wata rana motar nan sai ta danne ka. Ko awa huɗu ba a yi ba."

"Wa kika gani ya je wajen motar?"

"Ina da ido a ƙeya ne? Azahar fa, mutum ashirin a kaina kowa da kwanonsa."

*

Ciyaman ya yarda in yi magana da Bahago ta tagar ɗakin. Leɓensa ya fashe, ido ɗaya ya rufe.

"Wa ya kawo ka? In dariya ka zo yi, yi ka tafi."

"Ƙanwata ta kawo ni, ba kai ba. Ka ce mota za ta danne shi?"

"Na faɗa, kuma gobe ma zan faɗa! Wane jaki ne zai cire farfela a kan gangare da dutse ɗaya? Na ce masa ya sa huɗu, ya ce in je in koya wa 'ya'yana."

"Mene ne farfela?"

Ya dube ni kamar na tambaye shi mene ne ruwa.

"Kai dai shanu ka sani. Doguwar sandar ƙarfe ce a ƙarƙashin mota, ita ke kai ƙarfi daga giya zuwa tayoyin baya. Kuloci yana tsakanin inji da giyabos. Ba ka isa gare shi sai ka sauke giyabos, ba ka sauke giyabos sai ka cire farfela. Ita ake fara cirewa. Da ka cire ta, taya ba ta da ubangida, sai dutse."

"Miƙo takalminka."

Ya jefo mini ta taga, saura kaɗan ya same ni a fuska. Duka biyun sun cinye daidai wa daida, ta dunduniya. Ba shi ba ne. Amma wa zai yarda da bakin suruki?

"Me ya kashe kulocin motar?" na tambaya, don dai in ji.

"Mai ita. Faifan kuloci na uku ke nan cikin shekara biyu. Tsohon nan yana tuƙi ƙafarsa a kan kuloci, ba ya ɗagawa, kamar an ɗinke su tare. Faifan ya yi ta gogawa har ya ƙone. Jiya ɗan nasa ya gaya masa a gaban mutane, ya ce Baba ƙafarka ta yi nauyi, ka ajiye tuƙi haka nan. Ka ga yadda tsohon ya yi? Ya ce shi da ya yi shekara arba'in a kan sitiyari, yaron da ya yi wa tsarki ne zai koya masa taka kuloci? Ya ce zai ɗauke motarsa ya kai inda ake ganin girmansa."

"Da wace ƙafa ake taka shi?"

"Hagu mana! Kai wai a wane rami ka girma?"

 Na bar masa takalminsa a bakin taga.

*

Na gangara wurin motar. Ƙofar direba ta maƙale tun da ta daki katanga, ba wanda ya iya buɗe ta, amma gilashi a sauke yake. Na leƙa. Abin takawa uku ne a ƙasa. Biyu da sauran robarsu. Na hagu robar ta cinye, ƙarfe ya fito yana ƙyalli, faɗinsa kamar bakin cokali.

Na kira Mai Walda. "Wannan sandar giyar, a ina take?"

Ya leƙa. "Lamba ɗaya."

"Haka ake barin ta in za a yi aikin kuloci?"

"Wa ya gaya maka? A firi ake bari, ba a cikin kowace giya ba. Ɗan Direba da taurin kai, amma ba mahaukaci ba ne."

"Bayan abin ya faru wani ya taɓa?"

"Wa ke ta giya, mutum yana ihu a ƙasa?"

A bayan motar, cikin bodi, akwai wani lungu kusa da taya inda fenti ya goge, ƙarfe ya lotsa. Na gwada da tafin hannuna. Girman dutsen ne. Nan yake kwana in ana tafiya.

*

Asibitin ba nisa. Na sami Ɗan Direba an ɗaure ƙafar da ƙarafa, fuska ta yi toka. Matarsa tana gefe tana yi masa fifita. Ya ce ta ba mu wuri.

"Sannu. Wa ya zare dutsen?"

"Ban gani ba."

"Kana kwance a ƙarƙashin mota. Wanda ke ƙarƙashin mota ba ya ganin fuska, na yarda. Amma yana ganin ƙafa."

"Na ce ban gani ba."

"Ka bar giya a lamba ɗaya?"

Ya kau da kai, na ci gaba.

"Ka ji an taɓa sandar a saman kanka. Ka yi kira, injin Mai Walda ya cinye muryarka. Sunan wa ka kira?"

"Malam, ƙafata ke ciwo. Fita."

"Za su ƙone rumfar Bahago. In bai yi sa'a ba su haɗa da shi."

"Da Bahago ya iya bakinsa da ba a kai nan ba." Ya juya fuska bango. "Kada ka ƙara zuwa."

*

Da na dawo rana saura kamu ɗaya ta taɓa katanga. Mutane sun ƙaru. Ƙanwata tana tsaye ta jingina da ƙofar ɗakin kayan aiki, ta ce sai dai a bi ta kanta. Mai jarka yana nan bai gaji ba.

Na ɗauko dutsen na dire shi a tsakiyar fili.

"To, Mai Sawu," in ji Ciyaman, "ka wanke surukin naka?"

"Tambaya gare ni tukuna. Ni jahilin mota ne, ku taimake ni. Baba, kai ne babba a nan. Motar nan ba birkin hannu, batir kuma na ji an ce ya daɗe da mutuwa. Yaya kake tayar da ita kullum?"

"Wannan wace irin tambayar banza ce? Ɗana yana kwance!"

"Ka amsa masa, Baba," in ji Ciyaman, "mu gama."

Tsohon ya yi tsaki. "A gangare nake ajiye ta. In zan tashi in tabbatar tana giya, in zare dutse in jefa a baya, in shiga in taka kuloci ta gangara, in sake shi ta kama. Yaro ma ya san wannan."

"In ka zare dutsen ba ta gudu ta bar ka?"

"Mota tana giya za ta gudu? Shekara arba'in ina tuƙi, mota a lamba ɗaya ko giwa ce ta tura ba ta motsi!"

"Ko an cire farfela?"

Mai Faci ne ya fara dariya. "In an cire farfela ai ko lamba goma ka sa..." Sai ya haɗiye sauran. Ba wanda ya taya shi.

Na ce, "Motar can tana lamba ɗaya yanzu haka, kowa ya je ya leƙa. Mai gyara a firi ya bar ta. Wanda ya zo kashe mutum ba zai tsaya sa giya ba, so yake ta gudu. Bakanike kuma ba zai sa ba, ya san ba ta riƙe komai. Wanda ya sa giyar nan ba ya son motar ta motsa. Direba ne, ya zo ɗaukar motarsa, bai san an riga an fara aiki ba, bai san da mutum a ƙasa ba."

"Ƙarya kake, ɗan iska!" Baba Direba ya yo kaina. "An saye ka! Ƙanwarka ta saye ka!"

"Cire takalminka na hagu, Baba."

"Ba zan cire ba! Kai wane ne?"

"To kada ka cire. Taka nan." Na nuna masa inda mai ya jiƙa ƙasa a gabansa. "Taku ɗaya. Sai mu je bayan rumfa mu gwada da wanda ke can."

Ya dubi ƙasar. Ya dubi mutane. Duk waɗanda suka yini suna taya shi ihu yanzu ƙafarsa suke kallo. Ya ɗaga ta kamar zai taka, ya riƙe ta a sama. Sai ya mayar da ita baya, ya zauna a kan dutsen.

"Na ɗauka ya tafi cin abinci," ya ce. "Ban ga ƙafarsa ba, ta ɗaya gefen yake. Ina ɗaga dutsen ta tafi. Na ji ya ce Baba." Ya shafa fuska. "Na ruga in kira Bahago ya kawo jak. Na isa bayan rumfarsa, dutsen yana hannuna ban ma sani ba. Bakina ya ƙi buɗewa. Me zan ce? In ce na taka ɗana?"

"Da aka ga dutsen aka ce Bahago ne fa?" in ji Ciyaman.



Ƙanwata ce ta amsa, ba tsohon ba. "Sai ya fi kowa ihu! Tsohon banza, da an kashe uban 'ya'yana da ka je gaisuwa ko?"

Mai jarka ya sulale. Mai abinci ta ce ita dama tun farko abin bai kwanta mata ba. Ciyaman ya buɗe ƙofa.

Bahago ya fito yana dafa bango. Ya tsaya a kan tsohon, na matsa kusa don na san halinsa. Bai taɓa shi ba. Ya tofar da jini a gefen takalmin nan na hagu, ya juya ga mutane.

"Wanda ya fasa mini baki na san shi. Wanda ya kawo fetur na san shi. Gobe da safe ina rumfata, kowa ya zo aron sifana ya gani."

Ya wuce ni kamar bai gan ni ba. Sai da ya yi taku biyar ya ce, ba tare da ya waiwayo ba, "Ka daɗe. Da saniya ce da tuni ka gano ta."

*

Washegari na koma asibiti, ko da an ce kada in koma. Labari ya riga ni. Matar ta gan ni ta ɗauke kai.

Ɗan Direba ya ce, "Wa ya aike ka?"

"Ba kowa."

"Na ga takalmin. Ni na saya masa shi. Na yi shiru, ni da aka karya. Kai me ya shafe ka?"

"An kusa kashe mutum."

"Da ba a kashe shi ba. Da an kai shi an tsare kwana biyu an sake shi, magana ta mutu. Yanzu tsohon nan ba zai ƙara ɗaga kai a cikin mutane ba. Tun jiya bai zo ba, ba zai iya haɗa ido da ni ba. Jiya da rana ƙafa kawai na rasa. Kai ka zo ka haɗa mini da uba."

Na tsaya na dube shi. Yana da gaskiyarsa, ban ce ba shi da ita ba.

Na ce, "Bahago ma uban wasu ne. Su huɗu."

 Na ɗauki sandata.

Hanyata ta bi ta garejin. An jawo a-kori-kurar daga jikin katanga an kai ta inda ƙasa ta daidaita. Ƙafafu biyu sun leƙo daga ƙarƙashinta, takalma sun cinye ta dunduniya, ana ta zagin wani kusoshi da ya ƙi kwancewa. Na duba tayoyin. Kowace da dutsenta, gaba da baya.

Baba Direba yana zaune can nesa a kan benci, shi kaɗai, ba mai zama kusa da shi. Bahago ya turo kai waje, fuska duk baƙin mai, ya jefa masa ƙonannen faifan a gabansa.

"Ga aikin ƙafarka nan, ka ajiye. Sabon da zan sa na ɗanka ne. Ka taɓa makullin motar nan, ni da kaina zan cire farfelar in kai gida."

Tsohon ya sunkuya ya ɗauki faifan. Ya riƙe shi a cinya da hannu biyu, yadda ake riƙe sitiyari.